Maharazu da Ƙafar Baba Dung

Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, Allah Ya karɓi ran Maharazu Sanda a wani asibiti a Manchester, bayan sikila ta tashi masa. Saura 'yan watanni ya zama likita. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Maharazu, kai ka ja ni zuwa zauren cocin nan na unguwar Hulme, inda mu ɗaliban likitanci muke duba masu neman mafaka kowace Asabar. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, an daina turo tafinta, sai ya zama mu ne tafintoci, mu ne masu awon jini, mu ne masu dafa shayi. Naka shayin ba ya shawuwa, amma ba wanda ya iya gaya maka.

Can muka san Baba Dung, dattijo Kirista daga Filato mai ciwon suga. Rikici ya cinye masa gida da iyali, kuma da ya ji sunanka na Musulmi sai ya kau da kai. Ba ka yi fushi ba. Kowane mako kana durƙusawa ka gaishe shi, har ya soma amsawa. Ƙafarsa ta hagu na ciwo, amma ya ƙi asibiti, don tsoron kada a kai sunansa Home Office, hukumar shige da fice, a mai da shi inda ya gudo.

Likitar da ke kula da mu, Dokta Alice, ta tsinci 'yar Hausa a bakinmu. Wata Asabar ta tambayi Baba Dung jiki, ta ji ya ce da sauƙi, ta yi murna, za ta sallame shi. Ka yi mata bayani cikin ladabi cewa a wurinmu wannan amsar gaisuwa ce, mai gargarar mutuwa ma haka zai ce. Sannan ka juya wurinsa.

"Baba, don Allah a cire safar nan in gani. Ba wanda zai kira Home Office, I promise."

Babban yatsan ya riga ya yi baƙi. Da kanka ka raka shi asibiti a bas. An yanke yatsan, ƙafar ta tsira. Tun daga ranar babu ɗayanmu da ke tsayawa a amsar farko ta majinyaci, kuma wannan ba a aji muka koya ba.

Daga baya aka mai da Baba Dung Birmingham, har yau ba a yanke hukunci kan zamansa ba. Duk da haka ya zo jana'izarka. Ya tsaya gefe aka yi salla, da aka ɗaga makara ya sa kafaɗa, yana ɗingishi har bakin kabari. Ni kam a nan kuka ya ci ƙarfina.

Allah Ya jiƙan ka, Maharazu, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba mahaifiyarka Hajiya Raki da ƙannenka haƙuri, da yayanka Uba da ya karɓi gaisuwa a madadinsu, da Baba Dung, wanda ya zo yi wa Uba ta'aziyya, ya gama, sai ya zauna kusa da shi a layin masu karɓa.