Sabon Hancin da Yaya Ya Yi wa Motata

A gidanmu ba a kai wa bare gyara. Umma ce ta kafa wannan doka tun ina ƙarama, kuma saboda mutum ɗaya ta kafa ta, wato babban yayanmu, wanda unguwa ke kira Ƙanƙara. Mai gyaran firji ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, cike da firizoji marasa ƙofa da tukwanen gas, kuma in dai a kan firji ne ba zan ci amanarsa ba, ya iya. Yana ɗora kunne a bayan firji zai gaya maka abin da ke damunsa. Ƙaramin firjin da Umma ke ajiye allurar ciwon sugarta a ciki ya girmi 'ya'yana, amma bai taɓa kwana da ɗumi ba, saboda Yaya.

Matsalarsa ita ce ya ɗauka duniya gaba ɗaya firji ce. A wurinsa duk abin da ya lalace zafi ne ya yi masa yawa. Rediyon Umma ya huda masa ramuka a baya don ya sha iska, daga ranar bai sake kama tasha ba. Wayar ƙanin mijina ya cusa ta a firiza don batirin ya huta. Keken ɗinkin yayata ya ɗaura masa ƙaramar fanka, fankar ta rinƙa kwashe zare tana naɗewa. Duk wanda ya yi ƙorafi, Umma za ta ce, "Da ɗan'uwanku a raye za ku kai wa wani? So kuke a ce bai iya ba?" Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce, "Ai gwaji ne kawai." Na tashi ina jin wannan magana har ta zame mini ciwon kai.

Ni ce auta. Tun da maigidana ya rasu, sana'ata koya wa mata tuƙi. Ƙaramar mota ce fara gare ni, da jan allon 'yan koyo gaba da baya, da birki na biyu a gefena wanda wani bakanike da ake kira Dogo ya haɗa mini. Da ita nake ciyar da yara biyu, da ita nake biyan makarantarsu. Yaya ma irin motar gare shi sak, tasa shuɗiya, don shi ya raka ni na sayi tawa, ya ce in saya irin tasa ba ta ba da wahala. Kullum tasa tana ƙofar shago a ƙarƙashin rumfa, a goge tas, ko jingina da ita ba ya bari a yi.

Kuskurena ɗaya, na yi magana a gabansa. Na je gaida Umma ranar hutuna, ina yanke mata farce, na ce motata ta fara nauyi in ta zo hawa. Yana zaune a bakin ƙofa yana shan ruwa. Bayan kwana biyu na dawo kawo mata magani, sai ya miƙo hannu.

"Auta, kawo makullin in ji kukan injin."

"Yaya, lafiyarta lau. Dogo ya ce fulogi ne, zai canza."

"Dogo," in ji shi, kamar na ambaci sunan wata cuta. Umma ta harare ni. Na ba shi.

Da na ga shiru ya yi yawa na fito, sai na tarar da bonet a buɗe, hanjin motata a ƙasa. Baƙin akwatin da ke tace wa inji iska ya ciro shi ɗungurum ya ajiye kan tabarma. Kusa da shi ga wani dogon bututu mai walƙiya a lanƙwashe, ga wata jar matata mai siffar mazurari, sabbi fil a kwalinsu. Ya jingina wayarsa a jikin gilashi, wani mutum a ciki yana nuna yadda ake yi, Yaya yana tsayar da shi yana komar da shi baya da yatsa mai baƙin mai.

"Yaya, me ka yi mini?"

"Hanci zan canza mata. Ki duba nan. Injinki yana shaƙar iskar da ya riga ya dafa da kansa. Wa zai yi ƙarfi a haka? Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi kauri, mai ya fi ƙonewa da ita. Wannan fannina ne, ba na Dogo ba."

"Ban ce ina so ba."

"Ai ba ki san da shi ba, ta ina za ki so?"

Ina tsaye ya sassauta ƙarfen da ke riƙe tsohon tiyo, ya zare shi, ya cusa bututun. Bai shiga daidai ba, sai ya ɗauko wuƙa ya yanke robar da ke bayan bamba, ya yi masa hanya. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar, ya ja bakin bututun can ƙasa, gaban tayar hagu, ya ɗaura jar matatar a wurin da bai kai gwiwata ba, don a cewarsa can iskar kirki take. Wata 'yar waya mai kai ta rage tana reto, wadda a da take cikin tsohon tiyon. Ya juya bututun bai ga wurinta ba, ya huda rami ya cusa ta, ya liƙe da farin gam ɗin da yake liƙe ƙofar firji. Da ya tayar da motar ya taka totur, sai ta yi wani gurnani da ya kori kajin maƙwabta. Fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari.

"Wannan fa?"

"Ba ta saba ba ne. Za ta mutu da kanta."

Ya ɗauki tsohon akwatina ya sa a but ɗin motarsa, wai kar ya ɓata a hannuna. Na ce a mayar mini da abina yadda yake. Umma daga cikin ɗaki ta ce, "Mutum ya kashe kuɗinsa da yininsa a kanki, ko sannu babu?" Na haɗiye abin da ke bakina na ce sannu. Har yau in na tuna wannan sannun raina ɓaci yake yi.

Abin da Yaya bai tambaya ba shi ne su wa ke tuƙa motar. Masu zuwa wurina mata ne da yawancinsu sun haura arba'in, waɗanda suka yi shekaru suna tara ƙarfin halin zama a bayan sitiyari. Aikina na farko shi ne in kwantar musu da hankali. Yanzu kuwa da zarar mace ta ɗan taɓa totur, sai mota ta yi ruri, ita kuma ta saki komai ta kama salati. Wata malamar asibiti da ta kusa gamawa ta koma kamar ranar farko. Matar mai kemis, wadda dama ba ta gama bambance birki da totur ba, ta ce mini, "Malama, ko dai motar nan fushi take da ni?" Ga fitilar nan ba ta mutu ba. Ga hawan da na yi kuka da shi yana nan yadda yake, sai dai yanzu muna hawansa da hayaniya.

Na saci jiki na je wurin Dogo, kamar mai aikata laifi. Ya leƙa ƙarƙashin bamba ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Anti, kawo tsohon akwatin in mayar miki. Kafin nan kuma kar ki kuskura ki shiga ruwa, ko kaɗan ne. Abin nan zuƙa yake yi." Na kira Yaya, ya ce gobe. Na je shago, ya ce yana gida. Na je gida, matarsa ta ce ba ta ga wani akwati ba. Na gaya masa abin da Dogo ya ce, ya yi dariya ya ce Dogo kishi yake yi. Umma ta ce in bar ɗaga masa hankali, yana da aiki a gabansa. Ni ke nan ba ni da shi.

Ruwan sama ya same mu da rana tsaka, muna dawowa daga filin da nake koyar da ribas, matar mai kemis ce a sitiyari. Akwai wani ɗan kwari a hanyar, gaban gidan mai, inda ruwa ke taruwa in kwalbati ya toshe. Shekara da shekaru ina ratsa shi, bai taɓa wuce rabin taya ba. Ran nan ma haka yake. Na tuna maganar Dogo na ce ta tsaya, amma babbar mota tana bayanmu tana danna mana ham, babu gefen da za a raɓe, matar ta rikice ta taka totur a madadin birki. Kafin ƙafata ta kai nawa birkin mun shiga. Na ji motar ta yi wani irin tari sau ɗaya, kamar wanda ya ƙware, sai ƙara ƙwas daga cikin inji, sai shiru. Motoci irin tawa suna wuce mu ta dama da hagu suna watsa mana ruwa, har da masu babur.

Da janwe aka kai ta gareji. Dogo ya kwance fulogi, ruwa ya tsiyayo daga ramin. Ya ce injin ya sha ruwa ta bututun, fistin ya zo matsawa ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe, ta fasa gefen injin. Sai dai wani injin. Na zauna kan wata tsohuwar taya da jiƙaƙƙen mayafi, wayata tana ta ƙara, ɗalibaina suna tambayar ƙarfe nawa gobe. Kafin mako ya fita, rabinsu sun koma wata makarantar tuƙi, kuma ban ga laifinsu ba.

Na je gidan Umma na same shi a can, yana duba robar ƙofar firjinta. Labari ya riga ni zuwa. Bai ce mini yi haƙuri ba, dama a gidanmu babba ba ya faɗin wannan ga ƙarami. Cewa ya yi, "Ke ma da ganganci, wa ya ce ki shiga ruwa?" Umma ta ce ƙaddara ce, a bar maganar, in an kawo motar gida yayana zai duba.

Makullin motarsa yana kan firjin, na ɗauka na fita. Shuɗiyar motar tana ƙofar gida. Na ja abin buɗe bonet na ɗaga. Ban san me nake nema ba sai da na gani. Baƙin akwatin iskarsa yana zaune a wurinsa lafiya lau, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa kwancewa ba, har takardar kamfani tana manne a jikinsa. Babu bututu, babu gam, babu inda wuƙa ta taɓa. Ya biyo ni da sauri, Umma tana bayansa tana dafa bango.

"Yaya, motarmu iri ɗaya ce. In abin nan yana da kyau haka, me ya hana ka sa wa taka?"

Ko tunani bai yi ba. Ya ce, "Haba Auta, ai tawa da ita nake neman abinci."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shekarun nan duka da nake fita tun safe, rana tana dukana ta gilashi, ina riƙe da ran matan mutane da ƙafa ɗaya a kan birki, a idonsa yawo nake yi da ƙawaye. Na ce, "Ni kuma da tawa me nake nema?" Ya waiga wurin Umma, kamar yadda ya saba tun yana yaro, don ta raba shi da magana.

Umma ba ta dube shi ba. Akwatin take kallo, da takardar da ke jikinsa. Can ta ce, "Makullin yana hannunki?"

"Yana hannuna."

"To ki riƙe, har taki ta tashi."

"Umma, kayan aikina fa? Tukwanen gas, da..."

"Akwai masu babur," in ji ta, ta juya ta koma ciki.

Washegari da safe na kai shuɗiyar motar wurin Dogo, don ba na koyar da kowa ba tare da birki a gefena ba. Yaya ya biyo ni a bayan babur, da jakar kayan aiki a cinya. Ya tarar an naɗe kafet ɗin gaba, wanda ko takalmi mai laka bai taɓa takawa ba, Dogo ya durƙusa ya auna, ya yi alama da alli a ƙasan motar, ya jona abin huda ƙarfe a wuta. Matar mai kemis tana gefe tana jira da jakarta, don ita ce ta farko a ranar. Ita dai ba ta guje ni ba.

Yaya ya matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa. "Auta, huda ta za a yi? Ba a taɓa huda ta ba fa. In kuma abin bai zauna daidai ba?"

Na ɗaura jan allon 'yan koyo a bambarsa, na ja igiyar da kyau.

"Kar ka damu, Yaya," na ce masa. "Ai gwaji ne kawai."

Dogo ya ɗora bakin ƙarfen a kan allin, ya danna.