Maɓallan Kawu

Shekarar da na gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi na komo Madarunfa, kawuna, wan innata, ya aiko a kira ni. Shi ne shugaban masu kamiyo, manyan motocin da ke kwasar wake da gyaɗa daga Gabi da Safo zuwa Najeriya. Yana son apilikasiyo, wato manhaja, a waya, manomi ya nemi mota, direba ya amsa.

Na yi masa. Maɓalli biyu na sa wa direbobi: kore babba mai hoton mota na “na ɗauka”, ja ƙarami na “ban ɗauka ba”. Yawancinsu ba su karanta boko, launi suke bi. Kowane irin maɓalli da nasa zubin, wato inda ake tsara kamarsa, in an taɓa zubin duk maɓallan da suka fito daga gare shi sai su sauya.

Kawu ya duba ya yatsina fuska.

“Wannan abu kamar na likita? Ki mai da su ruwan zinariya, ki sa hotona.”

“Kawu, in suka zama iri ɗaya direbobi za su rikice.”

“Ke za ki koya mini direbobina? Tun ba a auri uwarki ba nake tare da su.”

Na ƙi. Ya karɓi aikin ya kai wa wani a Maraɗi, shi kuwa ya ɗora duka maɓallan kan zubi guda. Fuskar Kawu da hularsa ta fito sau biyu, gefe da gefe, rubutun ƙanana a ƙasa.

Da kaka ta yi, direba sai ya danna ƙi yana zaton ya amsa. Wani ya tafi Safo ya iske an ba wani kayan, buhunan wake kuma suka yi ta jira bakin hanya a Gabi har ƙwari suka shiga.

A gidan suna, gaban dangi, Kawu ya nuna ni da baki ya ce, “Ga wadda ta ɓata mini sana'a.” Inna ta matse mini hannu don kada in tanka. Har yau ina jin haushin shirun nan.

Daga baya ya aiko in zo in gyara. Na ce Maraɗi ba nisa, ya koma wurin wanda ya yi masa. Da Salla Inna kan tilasta mini in je gaishe shi. Nakan durƙusa a bakin ƙofa, ya amsa yana kallon bango, in tashi in fita.