Baƙon Masu Haƙar Rijiya

A gidanmu na Gagarawa, kakarmu Inna Delu ba ta cika yin tatsuniyar ban dariya ba. Bayan sallar isha'i takan zauna gefen murhu tana ɓarar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. "Ku matso, ga wata nan tafe gare ku," in ji ta.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta wani baƙo daga Damagaram da ya kama aiki da masu haƙar rijiya. Kwanansa uku ya damƙi ƙasar wurin, ya ce wa shugabansu, Sarkin Haƙa, "Ranka ya daɗe, rairayi ne. A garinmu sai mun tokare bango da itace kafin mu zurfafa." Sarkin Haƙa ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne." Aka bushe da dariya, baƙo ya ja bakinsa. Da aka kai zurfin gaba goma, rijiya ta rufta da mutum huɗu, har da ɗan Sarkin Haƙa.

Nan Inna takan ajiye gyaɗar. "Wa ya kashe su?"

"Rijiya!"

"Ku je ku kwanta, ba ku gane ba tukuna."

Na girma, na zama manaja a wani kamfanin gyaran riɗi a Maigatari. Muka ɗauki sabon ma'aikaci, Habu, mutumin Sule Tankarkar. Satinsa ɗaya ya kawo mini zanen murfin da zai rufe bel ɗin injin, ya ce da tsofaffin ƙarafa zai haɗa shi. A gaban jama'a na ce masa, "Malam, aiki aka ɗauke ka, ba zane ba." Ya ninke takardarsa ya sa aljihu.

Bayan wata biyu bel ɗin ya fizgi hannun rigar Malam Sale, wani ma'aikacinmu, magidanci mai 'ya'ya shida. Ni na kai shi asibiti a Gumel. Ba a ceci hannunsa na dama ba.

Habu ya fito da zanensa. Ya haɗa murfin, ya ɗaura, ya ajiye aiki.

Da ina ganin shugaba shi ne wanda ya fi kowa sani. Ashe sabon ido kan ga abin da sabo ya rufe wa tsoho, kuma wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake magana. Yanzu duk sabon ma'aikaci nakan zaunar da shi in tambaye shi me ya gani. Amma duk ranar da na je gaida Malam Sale, da hagu yake miƙo mini hannu, har ya ba ni haƙuri.