Jan Layi a Gonar Malam Mamman

Tun muna firamare a Yasore, Zuwairatu ba ta barin fensirin kala ya huta. Mu muna haddar lissafi, ita tana fentin bangon littafi, har muka sa mata suna Mai Rini. Yau da rinin take cin abinci. Wata ƙungiya a Batsari ta ɗauke ta aikin taswirar waya, wadda za ta riƙa nuna wa makiyaya burtali, hanyar da aka ware wa shanu tun zamanin kakanni, don kada su faɗa gonakin mutane.

Ni da na ɗauka aikin wasa ne, sai da na zauna kusa da kwamfutarta. Ta ba ruwa shuɗi, gona kore, hanyar mota ruwan ƙasa. Ruwan ɗorawa kuwa ta yi waje da shi, don ta gwada a tsakar rana a kan fasasshiyar wayar Hamidu, wani makiyayi da ke kawo mana nono, ya ce bai ga komai ba. Burtali ta ba shi ja, mai gefe kaifi.

Ana nan taswirar ta iso gabashin garinmu. Ta ɗora tsofaffin turakun iyaka a kan hoton sama, sai ga jan ya hau geron mahaifinta, Malam Mamman. Kowa ya san halin manomanmu: duk damina a ƙara kunya ɗaya ta wajen burtali, a yi kamar garma ce ta zame. Nasa ya kai kunyoyi goma sha ɗaya.

Akwai dabara a kwamfutar, a dusashe gefen layi ya narke cikin koren, ba mai gane inda iyaka take. Ni ce na ce ta yi hakan, ba zan ɓoye ba. Tsohon ya ba ni tausayi, kuma wa zai bincika? Ta dusashe, ta zuba wa abin ido, ta ce, "Rahma, in Hamidu ya zo nan da shanu sittin, ina zai tsaya? Shi zai ce hanya ce, Baba ya ce gona ce, kowa da sanda a hannu." Ta mayar da jan yadda yake. Raina ya ɓaci, kwana biyu ban leƙa ta ba.

Kafin ta miƙa aikin ta tafi gona da wayar, na bi ta don gulma. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum, sannan ta miƙa masa.

"Baba, wannan jan burtali ne. Wannan ɗigon kuma mu ne."

Ya dubi ɗigon a tsakiyar ja, ya dubi geron da ya kai masa kafaɗa. Ya taka a hankali yana ƙirga kunyoyin har ya kai turken da ciyawa ta rufe, ya dawo.

"Daidai ne," ya ce. "Ki bar shi ja. Ki dai ce makiyayan su yi mani haƙuri in girbe."

Ta sunkuyar da kai. Ya nuna kunyar da ke can ciki da bakin fartanya.

"Waccan ta farko, shekarar da kika shiga sakandare na yi ta."