Esin da Na Saka wa Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Gagarawa, na zo gida Gumel hutun ƙarshen mako ana tsakiyar sanyi. Da hantsi na tura ƙofar mahaifiyata, na tarar da ita kwance, kai na sara mata, ko zama ta kasa yi. Ashe da kaskon garwashi ta kwana, ƙofa da taga a rufe. A asibiti aka ce hayaƙin ne, kuma Allah ne kawai ya tsare.

Ita Inna, sanyi na tayar mata da ciwon gwiwa, bazara kuma zafi ya hana ta sakat. Sai na ƙudura saka mata esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin mai kashi biyu: kan yana manne a bango cikin ɗaki, injin yana waje, siririn bututu ne ke haɗa su. Na ce kuma sai mai ba da sanyi da ɗumi duka, wanda solar gidan za ta iya ɗauka.

Da na faɗa wa yayana, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Esi mai ɗumi a Gumel? Ke dai boko ya yi miki yawa. Abokina a Maigatari yana da na taga, na hannu. A fasa bango a zura, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, bangon nan marigayi Baba ne ya gina shi, ba mai fasa shi. Kuma na taga ba zai raba ta da garwashi ba."

"To ki yi, tunda kin fi kowa sani."

"Zan yi kuwa."

Ya daina amsa gaisuwata. Dangi suka ce na raina babba. Ni da ko ƙwan fitila ban iya canzawa ba, na zauna ina haddace ƙarfin inji da na batir kamar mai shirin jarrabawa. Ranar da mai haɗawa ya zo, ba namijin da ya leƙo, ni na riƙe masa tsani. Rami ɗaya ya huda, bai wuce bakin kofin shayi ba.

Inna ta yi shekaru a ɗakin nan tana barcinta lafiya kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa iya rimot ba, sai dai ta ce, "A danna mini na ɗumin."

Har yau yayana bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba, muna kuma zumuncinmu. Ina ganin girman na gaba da ni. Amma a kan numfashin uwata, ko gobe aka maimaita, ba zan tsaya neman izinin kowa ba.