Wa Ke Canza Wa Mijinyawa Alama?

Duk wanda ya yi safarar kaya daga Dubai zuwa Kano wajajen dubu biyu da sha biyu, in bai san Mijinyawa ba, to yawon buɗe ido ya je. Shagonsa na wani lungu ne a Al Sabkha, bayan tashar bas, ɗan ƙuƙut, kwalaye har rufi. Nan za ka same shi a kujerar roba, baƙar maka ta rubutu a kwali maƙale a kunne. Ɗan Fagge ne. Da ɗaurin kaya ya fara a Kantin Kwari, wani ubangida ya taho da shi Dubai, ubangidan ya gaji ya koma gida, shi ya zauna.

Sana'arsa kago. Ka sari atamfa, takalma, turare, ka jibge masa ka hau jirginka. Shi zai ɗaure, ya naɗe da salatif, ya rubuta alama a jikin kwali: sunan mai kaya da garin da za a sauke. Alamar nan ita ce sana'ar gaba ɗaya. In ta kuskure, sai ka ji kayanka na Maiduguri, kai kana Sakkwato kana tsine-tsine. Shi kuwa Mijinyawa ba ya tambaya sau biyu. Ki faɗa masa kina tafe kina waya, ki dawo baɗi, ya gaya miki har launin igiyar da ya ɗaure miki da ita. Kuma ba mai rubuta masa alama. Ko Harrison, mutumin Kagoro da ke tuƙa masa motar kaya tun da ya buɗe shagon, magidanci da 'ya'ya har a jami'a, iyakarsa ɗauka da saukewa.

Sai ga waya daga Kano. Hajiya Mahfuza ce, wadda matan da ke zuwa sari suke bi: inda ta ajiye kayanta, nan kowa ke ajiyewa.

"Mijinyawa, ni ina da miji a Yola ne?"

"Hajiya, wane irin zance ne wannan?"

"To me leshina ya je yi can? Ga kwali an turo mini hotonsa, sunana ne ɓaro-ɓaro, a ƙasa an rubuta Yola."

Ya rantse mata Kano ya rubuta. Kuma har zuciyarsa ya yarda da rantsuwarsa, don yana ganin hannunsa yana rubuta K ɗin. Ba a daɗe ba turaren wani ya ɓulla a Gusau, wayoyin wani a Katsina. To in shi bai yi kuskure ba, ai wani ke bi yana canzawa. Wa ke shiga shagon in ba ya nan? Wa ke kai kwalaye sito shi kaɗai? Ranar da ya hango Harrison yana shan shayi a ƙofar Sanda, mai kagon da ke fuskantarsa, wanda ya daɗe yana zawarcin kayan Hajiya, sai ya ce alhamdu lillahi, ga zance ya fito.

Ya fara ƙulle makarsa a aljihu. Ya fara shafa kwali da yatsa ko zai ji inda aka goge. Harrison ya ce, "Oga, lafiya kake shinshina kwali?"

"Yi aikinka, habibi. Kowa ya san abin da yake yi."

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba a lungun. Tun shekarar da ta wuce likita ya ce masa hantarsa ta motse ta yi tauri, wata ƙwayar cuta ce da wataƙila tun yana yaro take jikinsa. Ya ɓoye, don ya san mutanensa. Ka ce hanta, su ce giya, alhali mutumin nan ko lemon kwalba sai ya duba bayansa. Amma yanzu barci ya juye masa, da rana yana gyangyaɗi a kan kwali, dare kuma ido biyu. Ya yi la'asar, ya tashi ya sake alwala zai yi la'asar. Abu kaɗan sai faɗa. Duk wannan ya ɗora wa zafin Dubai da baƙin cikin cin amana.

Wata ranar Talata Harrison ya tsince shi a tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, yana ta ƙoƙarin buɗe ƙofar shiga da mukullin shago, mutane sun yi layi a bayansa suna yalla, yalla, wai ya yi sauri. Bai yi shawara da shi ba, ya tura shi mota sai asibiti.

Likitan ɗan Sudan ne, suka haɗa Larabcin kasuwa da guntun Turanci. Ya ce ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka. Hannuwan suka riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken kaza, Mijinyawa na kallonsu kamar na wani. Likita ya ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Nan fa ransa ya ɓaci. Ya juya ga Harrison da Hausa. "Hanta ke ciwo, me ya kai su kaina? Me ka gaya masa a waje?"

"Na ce kana mantuwa, oga."

"Ni? Ni ke mantuwa?"

Ya gama lissafinsa tun kafin a kawo rigar asibiti. A samo takarda a ce ya taɓu, biza ta mutu, a sa shi a jirgi, Sanda ya kwashe su Hajiya, Harrison ya samu sabon oga. Amma in ya ƙi shiga, ai ya ba su hujja, mahaukaci ne ke gudun gwaji. Ya cire zobe, ya cire agogo, ya kwanta aka zura shi cikin injin kamar gawa a makara. Ƙara kuwa sai ka ce 'yan gyaran mota na Ƙofar Ruwa sun taru a kansa. An ce kada ya motsa. Bai motsa ba, amma kunnensa na waje, yana son jin da wa Harrison ke magana.

Da hoton ya fito, likita ya juyo masa da allon kwamfuta. Ga kai an yanka shi faifai-faifai, toka-toka. Ya nuna wasu wurare guda biyu a tsakiya da suka fi haske. Ya ce ba ƙari, ba shanyewar jiki, kuma ba hauka ba ne. Hanta ita ke tace dattin jini. Tasa ta gaza, dattin na wucewa ya hau kai, shi ke rikita masa tunani da hannu, hasken nan kuma ana yawan ganinsa a masu irin ciwonsa. Akwai maganin ruwa da zai riƙa fitar da dattin ta bayan gida, in ya kiyaye, da yawa kan dawo hayyacinsu.

Mijinyawa ba hasken yake kallo ba. Kusurwar allon yake kallo, inda aka rubuta sunansa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kwamfuta."

"Wa ya gaya wa kwamfutar?"

Likita ya yi dariya, shi bai yi ba. "Dakta, wannan aikina ne. Kwali ba ya faɗin mai shi, abin da aka rubuta a jiki shi ne. Kafin ni wani tsoho ɗan Pakistan ya shiga, na gan shi, ko sunansa ba ya iya faɗa. Ta ina zan san ba kansa aka manna wa sunana ba?"

Harrison ne ya karɓo maganin. Saboda haka kwalbar ta tafi ƙarƙashin tebur, ko buɗe ta bai yi ba.

Da Hajiya Mahfuza ta sauka a watan gaba, ba ta ɓoye masa ba: Sanda ya aiko mata da dabino har masauki, kuma wannan ne gwaji na ƙarshe. Mijinyawa ya ce madalla. Ya aiki Harrison Sharja ɗauko wani kaya da babu shi, ya rufo ƙofa, daga shi sai ita. Yau za ta gani da idonta.

"Waɗannan nawa ne, Kano. Wancan babban na ƙanwata Hadijatu ne, Gusau."

Ya rubuta, a natse, yana ma ɗan murmushi. Ya ja baya.

Hajiya ta gyara tabarau. "Karanta mini."

Gombe ya rubuta. Haruffan sun karkace suna gangarowa kamar rubutun ɗan aji ɗaya, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Ya dubi ƙofa, a rufe. Ya dubi bayan kwalaye, wallahi sai da ya leƙa. Ba kowa.

Ya zauna. Ya gaya mata zancen hantar, da hoton, da hasken nan guda biyu. Yana jiran ta ce giya.

"Kai dai an yi sakarai," in ji ta. "Yayana da ciwon hantar nan ya rasu, kuma liman ne. An ba ka magani?"

Ya nuna ƙarƙashin tebur.

"A rufe? To ji nan. Kira bawan Allahn nan ya dawo. Kai ka faɗa, shi ya rubuta, ni in karanta. In na dawo bayan Sallah na tarar da kwalbar nan yadda take, kalas, shi ke nan, ni da matana mun tsallaka wurin Sanda."

Harrison ya dawo yana gumi, ya ce shagon da aka aike shi ma babu shi a duniya. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Mijinyawa ya jawo kwalbar, ya duba murfin ta ko'ina, ya buɗe, ya shinshina, ya tsiyaya a murfi ya miƙa masa.

"Fara sha."

"Oga, likita fa ya ce gudawa yake sawa. Ni zan yi tuƙi har sito."

"Ka tsaya a gidan mai."

Harrison ya dubi Hajiya, ta kau da kai tana danne dariya. Ya ce Yesu ka gani, ya shanye. Mijinyawa ya zuba masa ido, ya jira, ya ƙara jira, har Hajiya ta fara tsaki. Sannan ya tsiyaya nasa, ya yi bismilla ya haɗiye, ya yamutsa fuska.

"Zaƙi kamar na mayaudara," ya ce. "Jawo kwalin can. Gusau. Kuma ka rubuta inda zan gani."