Rami na Bakwai a Gonar Andarai

A shekarun farko da aka ba mu jiha, kowa ya tashi gyaran gida. Wanda fenti ya fi ƙarfinsa ya nemi farar ƙasa, har ta yi daraja a kasuwar Jega. Wasu mahaƙa suka gano ta a gonar wani dattijo kusa da Andarai, suka yi rani biyu suna tonon ta. Da ta ƙare suka saɓa digoginsu suka tafi, suka bar ramuka bakwai, kowanne zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. Sai da saniyar wani Bafulatani ta faɗa cikin ɗaya ta karye, sannan wata ƙungiyar 'yan boko masu kishin raya karkara ta ɗauki alkawarin cike su. Ni a lokacin na yi ritaya daga aikin hanya, ina zaune a Sabon Garin Jega, aka roƙe ni in kula da aikin.

Mai gonar sa'ana ne, mutum marar yawan magana. Ranar da na fara zuwa, bai nuna mini ramukan ba. Ya kai ni gindin wani gawo, inda aka tara tulin baƙar ƙasa. Ya ce sharaɗin da ya gindaya wa mahaƙa ke nan tun farko, kafin su sa diga su kankare ƙasar sama su tara masa. Shekara talatin yana saukar da Fulani a gonar kowane rani, shanu su ci kara su bar masa taki, kafin ƙasar ta yi wannan baƙi. Idan ta koma bisa gonar, zai shuka gero da damina. Idan ta salwanta, farar ƙasa ba ta haifar ko ciyawa, kuma ba shi da wata gona.

Na tsara aikin yadda ya kamata. Duwatsu a ƙasa, sannan tarkacen farar ƙasar da mahaƙa suka zubar, ƙafa ɗaya ƙafa ɗaya, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi, a bari ya kwana kafin a ƙara. Baƙar ƙasa ita ce ta ƙarshe. A makarantar mishan an horar da mu cewa abin da ido ba zai gani ba shi ake fara gyarawa, kuma ban taɓa samun dalilin barin wannan ba. Jakuna ke kawo duwatsun daga nesa, saboda haka aikin ba ya sauri. Bayan kwana goma, kowane rami ya kai rabi.

A nan ne sakataren ƙungiyar ya iso bisa babur. Matashi ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya hana mutum yin abin da ya riga ya ƙudura. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya sanar da mu cewa wani babban baƙo zai zo daga Birnin Kebbi ranar Alhamis domin ƙaddamar da aikin. Saura kwana uku. Na ce aikin na bukatar mako uku. Ya ce shi ma ya yi tunanin haka, amma ya sami mafita. Ga tulin ƙasa mai laushi a kusa, a tura shi cikin ramukan, a shimfiɗa fara a sama. Ya ƙara da cewa baƙar ƙasa ba ta fita a hoto, baƙo zai zaci gona ce kawai, ba a yi kome ba.

Na ce, "Ɗana, ai abin da aka ɗauko mu mu yi ke nan, wurin ya koma gona kawai."

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma wa zai taso daga Birnin Kebbi don ya ga gona?"

Mai gona ya hau bisa tulin da sandarsa ya zauna, ya ce wa leburori duk wanda zai ɗebi ƙasar ya fara da shi, a zuba su tare. Muka yi ta ja har azahar. Ni na kawo hujjar cewa ramin da ba a daɓe ba zai lotsa da ruwan farko, sakatare ya amsa cewa ruwan farko ba ranar Alhamis zai sauka ba.

Daga bisa tulin ne mai gona ya tambayi sakatare ko manyan baƙi suna taka gona da ƙafarsu. Sakatare ya ce a saninsa ba su wuce bakin rumfa, saboda takalma. Sai dattijon ya ce to a ba su rami guda, wanda ke bakin hanya, su yi yadda suka so da shi, sauran shidan a kewaye su da zana. Na ƙi. Na ce wannan yaudara ce, kuma ban taɓa sa hannu a irinta ba.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai in an ƙare gaskiya za ka ci. Ni gero nika ci. Bar su su ɗebi kaɗan, kada su kwashe duka."

Na ɗauko igiyar awo na shata musu rubu'in tulin, na tsaya a kan layin har suka gama ɗiba.

Ranar Alhamis ramin bakin hanya ya yi fari fat, kamar an share ɗakin amarya. Baƙo ya zuba shebur uku, aka yi tafi, aka kafa allo a cikin siminti bisa ramin. Da ya tambayi abin da ke bayan zana, sakatare ya ce wurin renon dashen itatuwa ne, ba a son a dame su. Baƙo ya yaba da hangen nesan ƙungiyar, ya juyo ya yi mini sannu da aiki. Na amsa. Har yau ina lissafa wannan amsa cikin ƙaryar da na yi a rayuwata.

Da suka watse muka kwance zana muka koma kan madaɓi. Shidan suka cika yadda na so, sai dai baƙar ƙasar ba ta kai kaurin da ya kamata ba. Na bakwai, na bakin hanya, ya lotsa da ruwan farko, ya zama farin kwano a bakin gona. Na rubuta wa ƙungiyar takarda ina neman izinin tone shi. Amsarsu ta zo da ladabi, cewa aikin da babban baƙo ya ƙaddamar ba a tone shi.

Na karanta wa mai gona. Ya saurara, ya ce ya ji. Da kaka ta wuce ya aiko a kira ni, na tarar ya fara haƙa ta bayan allon, ɓangaren da ba a gani daga hanya. Ya ce bai kira ni don shawara ba, ya kira ni ne don kada gefen ya rufta masa. Na yi masa faɗa iyakar ƙarfina, sannan na nuna masa inda zai tokare bangon da itace. Ni da aka ɗauko in cike rami bakwai, na tsaya da igiyar awo a bakin na takwas. Kwana tara yana fito da baƙar ƙasa kwando kwando, muna mayar da duwatsu a gurbinta muna daɓewa. Bai same ta duka ba, wadda ke ƙarƙashin simintin muka bar wa ƙungiya. Abin da ya samu ya baza a inda gero ya fi ramewa, da hannunsa, bai yarda kowa ya taya shi ba.